Baƙin Ɗigo a Hoton Maigida

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Likita ya ce in sami littafi in riƙa rubuta duk abin da na gani a jikin Maigida: yaushe kansa ya yi ciwo, awa nawa ya yi barci, ko ya yi tuntuɓe. To ga littafin. Sai dai abin da ya kamata in gani, shekara bakwai ina kallonsa ban gan shi ba.

Ga yadda aka yi. Ƙofar kabad ɗin da muke ajiye rigunan marasa lafiya a sashenmu na ɗaukar hoto ta ɓalle tun watan jiya. Na gaji da kai ƙorafi, na ce wa Maigida ya biyo ya gyara mana, tunda dai kafinta nake aure ba na rasa wannan alfarmar ba. Ya zo da jakar kayan aikinsa, fensir a bayan kunne. Yana durƙushe yana aiki sai ga sabon likitan ƙwaƙwalwa ya shigo neman hoton wani majinyaci. Na ce, "Likita, ga maigidana." Suka gaisa. Sai likita ya ƙi sakin hannun. Ya juya shi, ya duba tafin, ya duba yatsun, ya ɗaga kai ya kalli haɓarsa da goshinsa.

Maigida ya ce, "Likita, in so kake, guda biyu ne, kuma ba na rabawa."

Likita ya yi dariya. Ya ce, "Baba, takalminka lamba nawa?"

"Arba'in da biyar."

"Da kana saurayi fa?"

"Arba'in da biyu. Ai na ɗauka ƙafa ma girma take yi da mai ita."

Sai likita ya juyo gare ni. "Anti, gobe ki kawo min tsohon hotonsa, na shekara goma ko fiye."

Shekara ashirin da biyu ina ɗaukar hoton cikin kawunan mutane. Kafin ya rufe baki na san inda tambayar ta nufa. Zobensa da sai da aka yanke shi. Hulunansa da suka daina shiga. Minsharin da ya koma kamar ana jan benci. Kafaɗarsa da kullum sai ta daki ƙyauren ɗaki, ni kuma ina masa tsiya wai kafinta bai san faɗin ƙofar da ya yi da hannunsa ba.

Ƙofar kabad dai ta gyaru. Tana rufuwa ba ko ƙara.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Na zazzage akwatin hotuna a kan gado. Mutumin da ke riƙe da Auta ranar da ta fara makaranta siririn hanci gare shi. Na daɗe ina kallonsa. Kyakkyawa ne, amma na fi sabawa da na yanzu.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

An ɗibi jini, an auna ido, an saka shi a babban inji. Doka ta hana in ɗauki hoton ɗan gidana, don haka abokin aikina ne ya yi, wanda muke kira Gajere don tsayinsa sai ya sunkuya yake shiga ɗaki. Ba a shiga injin nan da ƙarfe. Gajere ya ce wa Maigida ya juye aljihu. Ƙusa goma sha ɗaya, tef na awo, mabuɗi uku, da wani guntun ƙarfe da shi kansa bai san na mene ne ba. Gajere ya ce, "Baba, da kun shiga da waɗannan, da sai an ɓamɓaro ku daga jikin injin."

Ni kuma aka ce in zauna a waje, kan bencin da na shekara ashirin da biyu ina nuna wa mutane ina cewa, "Ku ɗan jira a nan, ba daɗewa." Ashe bencin ƙafarsa ɗaya gajeriya ce. Ashe kuma ana daɗewa.

Da ya fito ya ce, "Mai Hoto," haka yake kirana tun muna sabon aure, "wannan injin naku wa ya koya masa buga guduma? Minti arba'in yana duka, ko ƙusa ɗaya bai shigar ba."

Ban duba hoton ba.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe uku na rana

Likita ya zaunar da mu ya zana wa Maigida a takarda. A gindin ƙwaƙwalwa, daidai bayan hanci, akwai wata 'yar tsoka kamar ƙwayar wake, ita ke ba jiki umarnin girma da sauran abubuwa. Ƙari ya fito a jikinta. Shi ke sa hannu da ƙafa su yi ta girma, kuma ya kumbura har ya fara danne jijiyoyin ido, shi ya sa ba ya ganin gefe sosai. Ba mugun iri ba ne, ba ya yaɗuwa. Za a cire shi ta hanci, ba sai an buɗe kai ba. An sa ranar Talata, sha takwas ga wata.

Maigida ya karɓi takardar ya juya ta sama da ƙasa kamar an ba shi zanen kujera. Ya ce, "Ta hanci? To ai kun yi sa'a, ƙofar ta yi faɗi."

Na yi dariya har da hawaye. Hawayen sun ɗan fi dariyar daɗewa, sai na ce sanyin na'urar ɗakin ne.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Kansa bai yi ciwo ba. Barci awa bakwai. Tuntuɓe ɗaya, da bokiti. Ban duba hoton ba.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Yaya ta zo, yayar Maigida, wadda ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Shekararsa hamsin da takwas amma har yau "yaron nan" take ce masa. Ta shigo da kwanuka huɗu kamar an ce mata yunwa ce ciwon. Ta kama fuskarsa da hannu biyu ta juya dama ta juya hagu.

Ta ce, "Ni fa na lura yaron nan ya canja. Sai na ce girkin matarsa ne ya karɓe shi."

Na ce, "Yaya, girki ba ya ƙara lambar takalmi."

Ta ce, "Naki zai iya. Gishirin da kike zubawa ai ko katako ya ci sai ya kumbura."

Auta tana gefe tana duba littattafan ɗalibanta da jan biro, ta ƙyalƙyale. Ita kaɗai ta rage mana a gida, yayyenta biyu suna nesa, sai waya. Ta ce, "Gwaggo, kin fa cinye kwano biyu na gishirin nan wancan makon."

Da Yaya za ta tafi na raka ta bakin titi. Muna jiran mota ta riƙe min hannu, ba ta kalle ni ba. Ta ce, "Ke kin san cikin abin nan. In da wani abu, kar ki ɓoye min."

Na ce babu komai. A lokacin gaskiya na faɗa, don ban duba ba.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe sha biyu na rana

Majinyata goma sha tara yau. Duk wanda ya shigo sai na kalli hannunsa.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Na duba.

Gajere ya fita cin abinci ya bar kwamfuta a buɗe. Ban yi niyya ba. A'a, wannan littafina ne, ba wanda zan yi wa ƙarya: tun safe nake jiran ya fita.

Ƙarin yana nan yadda likita ya zana. A kowane gefensa akwai babbar jijiyar jini da ke hawa zuwa ƙwaƙwalwa, a hoto sukan fito baƙaƙe, zagaye, ɗaya dama ɗaya hagu. Haka na kowa yake. Amma a yanka na goma sha huɗu, da yake injin yanka-yanka yake ɗaukar hoton kai, a gefen hagu, akwai ɗigo na uku. Ƙarami, baƙi, manne da jijiyar, ya jingina da ƙarin kamar mai leƙe. Na wuce gaba, na dawo baya, na wuce, na dawo. Yana nan. Rahoton da aka rubuta bai ambace shi ba.

Sau ɗaya na taɓa ganin irinsa, shekara tara da suka wuce, a hoton wata mata mai sayar da yadi. Ba zan rubuta labarinta a nan ba.

Na rufe kwamfutar. Na dawo gida na tarar yana gyara wa maƙwabciya ƙafar teburi, yana rera wata waƙa da ba ta da kai ba ta da gindi. Ya ce, "Yau kin yi shiru." Na ce gajiya ce.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na nuna wa Gajere. Ya daɗe yana kallo, ya ce wataƙila lanƙwasar jijiya ce, wani lokaci haka take fitowa. Sannan ya ce, "Amma Anti, ki gaya wa likita. Yau."

Na je ofishinsa sau biyu, yana ɗakin tiyata tun safe. Na uku na hango shi yana fitowa, ya cire hula yana murza ido, gajiya ta gama da shi. Na tsaya a lungun matakala. Me zan ce? Na buɗe abin da aka hana ni buɗewa, kuma ni mai ɗaukar hoto na ga abin da masu karanta hoto ba su gani ba? Matar majinyaci ce tsoro ya sa take ganin ɗigo. Haka za a ce, kuma ina fata haka ne.

Akwai sauran kwana shida kafin aikin. Gobe da safe zan same shi.

Kansa bai yi ciwo ba. Barci awa shida.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe shida da rabi na yamma

A barandar asibiti nake rubutu, littafin a kan gwiwa.

Ƙarfe bakwai na safe yana shan shayi, ya ajiye kofin ya kama kai da hannu biyu. Bai yi ihu ba. Cewa ya yi, "Mai Hoto, an sara min gatari." Sai amai. Na ɗago fuskarsa, fatar idonsa na hagu ta faɗo ta rufe. Auta ta ruga ta buga wa maƙwabcinmu mai tasi ƙofa, ya fito da takalmi wari ɗaya. A mota kansa yana kan cinyata, ina ƙirga numfashinsa, ina ƙirga kwana biyun da na yi shiru.

Aka wuce da shi ƙaramin inji mai sauri. Wannan karon ba wanda ya nuna min benci. Na tsaya bayan Gajere hoton yana fitowa. Jini, wanda a wannan injin fari tas yake fitowa, a tsakiyar ƙarin.

Likita ya ce ƙarin ne ya zubar da jini a cikin kansa, ya kumbura lokaci ɗaya ya matse jijiyoyin ido. Ya ce a shirya ɗakin tiyata, yanzu za a shiga, ba sai Talata ba. Ya juya zai fita.

Na ce, "Likita, kafin a shiga da shi a yi masa hoton jijiyoyin jini."

Ya ce, "Anti, duk mintin da muka ɓata idonsa ne ke cutuwa."

Na ce, "Na buɗe hotonsa na ranar Laraba. Na san ban da izini. Yanka na goma sha huɗu, gefen hagu."

Ya kalle ni, ya kalli agogo, ya jawo kujera. Gajere ya riga ya buɗe masa. Ya matso da fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. 

Ya ce, "Yaushe kika gani?"

Na ce, "Talata."

Ya mai da idonsa kan hoton. Da ma ya yi faɗa.

Aka zuba masa ruwan da ke haska jijiya, aka sake ɗauka. Minti ashirin. Jijiyar ta fito a allo kamar reshe, a jikinta wani ɗan ƙululu yana rataye, irin kumburin da tsohon tiyo ke yi inda ya yi laushi kafin ya fashe. Bai fashe ba. Jinin na ƙarin ne, ba nasa ba. Amma yana zaune daidai inda ƙarfen likita zai bi.

Likita ya jingina da kujera ya ce a hankali, kamar da kansa yake magana, "Da na shiga yau, a kansa zan sauka."

An fasa aikin. Sai an fara toshe ƙululun daga ciki. Likitar da ta iya wannan aikin a wani asibiti take, sai gobe da rana za ta iso. Bayan nan a jira kwana biyu kafin a taɓa ƙarin. An yi masa allurai masu rage kumburi, an sa masa ruwa. Idon kuwa sai dai ya jira.

Na shiga wurinsa. Ya lalubo hannuna da wannan ƙaton hannun nasa. Ya ce, "Mai Hoto, an kashe fitila ɗaya."

Na ce, "Za a kunna."

Ya ce, "To kar ki tsaya ta wannan gefen. Zagayo inda nake ganinki."

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Likitar ta zo da 'yar jakarta, ƙaramar mace mai sanyin murya, ba za ta girmi Auta da yawa ba. Yaya ta ƙare mata kallo ta raɗa min, "Wannan 'yar ce za ta shiga kan yaron nan?" Likitar ta ji. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta yi mata bayani: za ta zura siririn tiyo ta jijiyar cinya, ta bi da shi har cikin kai, ta cusa wata lallausar waya a cikin ƙululun har ya cika, jini ya daina shiga.

Yaya ta ce, "Daga cinya zuwa kai? Ba hanya mafi kusa?"

Ta ce, "Akwai, Mama, amma wannan ta fi lafiya."

Yaya ta ce, "To Allah ya yi miki albarka. Ki bi a hankali, tun yana ƙarami ba ya son a taɓa masa cinya, cakulkuli gare shi."

Ni na sa hannu a takardar amincewa. An karanta min duk abin da ka iya faruwa, layi bayan layi. Na sha jin ana karanta wa wasu.

Awa biyu da minti arba'in. Yaya tana jan carbi, Auta tana duba littafin ɗalibi ɗaya tun da muka zauna, ba ta juya shafi ba. Da likitar ta fito ta nuna min hoton a wayarta. Reshen yana nan, ƙululun babu, sai ɗan dunƙulen waya kamar zaren da ya cukurkuɗe. Na rungume ta ban sani ba. Rigar dalma mai tare hasken injin hoto ce a jikinta, nauyi kamar buhu.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe goma na safe

Ya motsa hannu biyu, ƙafa biyu, ya san sunan kowa. Ya tambaya wa ya rufe shago. Idon hagu shiru.

Asabar, ƙarfe huɗu na yamma

Idon hagu shiru.

Lahadi, 16 ga wata, ƙarfe shida na yamma

An cire ƙarin. Awa huɗu. Likita ya ce ya fita kusan duka, kuma da ya kai gefen hagu ya ga inda wayar take ta cikin bangon jijiyar, ya kewaye ta. Ya faɗa yana kallona, ya gyaɗa kai sau ɗaya. Shi ke nan abin da ya shiga tsakaninmu kan maganar.

An fito da shi hanci cushe da auduga, baki buɗe, fuska kamar an hura. Yaya ta leƙa ta gilashin ɗakin kulawa ta musamman ta ce, "Kai, yaron nan ya yi muni." Sai ta zauna a ƙasa, nan kan siminti, ta rufe fuska da mayafi. Ban taɓa ganin kukanta ba, ko ranar da mijinta ya rasu. Na zauna kusa da ita. Nas ta zo za ta ce mu tashi, ta gane ni, ta wuce.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Yau ce ranar da aka sa tun farko. Na kalli kalandar ɗakin na kau da kai.

Ƙishirwa ta kama shi, yana shan ruwa kamar ana zubawa a rairayi, fitsari kuma ba tsayawa. Likita ya ce hakan kan faru bayan irin wannan aikin, akwai magani, a riƙa auna abin da ya shiga da abin da ya fita. Ni ce mai awo. Ya ce da muryar nan ta mai toshasshen hanci, "Shekara talatin da ɗaya da aure, an ƙare a auna min fitsari a kofi." Na ce ai ƙarin girma na samu.

Idon dama ya buɗe sosai. Ya ce yana ganin ƙofa da taga lokaci ɗaya ba sai ya juya kai ba, ya manta ana iya haka. Fatar na hagu ta ɗan ɗaga, kamar ƙofar da aka bari a sakaye. Likita ya haska masa tocila. Ya ce yana jin akwai haske, amma kamar ta bayan labule mai kauri.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Na tare likita a matakala, a lungun nan dai da na taɓa laɓewa. Na ce, "Da na gaya maka ranar Talata, da idon ya tsira?"

Ya ce da an toshe ƙululun da wuri, da ranar Alhamis an shiga kai tsaye. Ko kuma da ba a samu likitar ba sai Juma'ar dai. Ko kuma da jinin ya riga ya gama ɓarnarsa tun awar farko. Ya ce, "Ban sani ba, Anti. Kuma ba zan ce miki na sani don ki ji daɗi ba."

Na gode masa. Da gaske na gode.

Shugabar sashenmu ta kira ni ta miƙo min takardar gargaɗi kan buɗe hoton ɗan gida. Ta ce dole ce ta sa. Na sa hannu. Ta ninke takardar ta jefa a aljihun teburi, ta ce, "Yaya mai jikin?"

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

An cire audugar, an mai da shi ɗakin kowa da kowa, gado na uku daga taga. Yaya ta tafi gida wanka, Auta tana makaranta. Ina ɓare masa lemo na faɗa masa. Duka. Talata, ɗigon, lungun matakala, "gobe da safe." Ban ɗaga kai ba har na gama, lemon ya dagargaje a hannuna.

Ya lumshe ido. Na ɗauka barci ya ɗauke shi.

Sai ya ce, "Kin tuna da na daina hawa babur?"

Na ce, "Shekara uku ke nan. Ka ce bayanka ke ciwo."

Ya ce, "Bayana lafiyarsa lau. Wata mata na kusa bankewa da goyo a bayanta. Ta gefe ta fito, ban gan ta ba sam, sai ihun mutane na ji. Na tura babur ɗin har gida da ƙafa, ban ƙara hawa ba. Na san wani abu ya sami idona. Na ce in na gaya miki za ki saka ni a injin nan naku, a samo wani abu."

Na ce, "Shekara uku, Baban Auta?"

Ya ce, "Ke kwana biyu, ni shekara uku. In faɗa za a yi, ni ya kamata in fara durƙusawa, ga shi an hana ni sunkuyawa."

Na ce, "Wallahi da ba a kwance kake ba."

Ya ce, "Shi ya sa na faɗa yanzu."

Mai gado na huɗu, wani tsohon direba da aka yi wa aikin baya, ya ce daga bayan labule, "Hajiya, ki yi haƙuri, mu duka haka muke." Ashe ɗakin gaba ɗaya yana saurare. Na ɓare wani lemon na raba musu.

Ban huce ba. Amma na ci abinci yau, karo na farko da na ji ɗanɗanonsa.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe tara na safe

Na gaya wa Yaya ita ma, tunda ta ce kar in ɓoye mata. Ta ce, "To da ba ki duba ba fa?" Sai ta ce in miƙo mata kwano.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe uku na rana

An sallame mu. Ƙwayoyi iri uku, ɗaya daga ciki wataƙila har ƙarshen rayuwa, ba a tsallake ta ko kwana ɗaya. Ba fyace hanci, ba ɗaga kaya, ba sunkuyo, har mako shida. Za a sake hoto bayan wata uku. Hannu da ƙafa ba za su koma yadda suke ba, amma sun daina girma. Idon hagu, likita ya ce a ba shi wata shida, kada dai mu sa rai da yawa.

Gajere ya rako mu har mota ɗauke da jaka. Ya ce tun makon jiya duk mai irin wannan ƙarin da likita ya turo, sai da takardar hoton jijiyoyi a haɗe. Ya ce, "Kin ƙara mana aiki, Anti."

Maigida ya shiga ɗaki bai daki ƙyaure ba ta dama. Ta hagu ya daka.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Ya zuba ruwa a gefen kofi sau biyu. Ido ɗaya ba ya gane nisa. Bai yi wasa a kai ba, ya dai goge teburin da kansa ya shiga ɗaki. Ya wuni yana kallon jakar kayan aikinsa.

Juma'a, 28 ga wata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Na dawo daga aiki na tarar ya sa Auta ta ɗora masa guntayen katako a kan teburin tsakar gida, don kar ya sunkuya. Wai ɗan akwati zai yi na ajiye ƙwayoyinsa, gida uku, kowace da nata. Ya auna, ya ja layi, ya yanka, duk sun yi daidai, don hannu ya san aikinsa. Saura haɗawa. Ya riƙe ƙusa da hagu, ya ɗaga guduma, ya tsaya. Ya sauke. Ya sake ɗagawa, ya sake saukewa. 

Ya ce, "Ban san inda kanta yake ba. Ina ganinta, amma ban san ko kusa take ko nesa ba."

Na ajiye jakata na ce, "Kawo in riƙe maka. Ka sa hannun hagu ka dafe katakon."

Ya ce, "Mai Hoto, yatsanki ne fa."

Na ce, "Ina da goma."

Auta ta ce ita ba za ta iya kallo ba, ta shige kicin, ta leƙo ta taga.

Na riƙe ƙusar. Ya ɗora kan gudumar a kanta a hankali, ya ɗaga kaɗan, ya ɗora, kamar yana koya wa hannunsa hanya. Bugun farko ya sami katako. Na biyu ya sami ƙusa, ta ɗan shiga. Na uku ya sami babban yatsana.

Na yi ƙara har maƙwabciya ta leƙo ta katanga. Ya yar da gudumar ya kama yatsan yana hurawa, yana salati, yana ba ni haƙuri, idonsa mai gani ya cika da hawaye, marar ganin ma haka. Ban san idon nan yana iya hawaye ba. Na ce, "Ka ga, bai mutu ba, yana aiki." Sai muka kama dariya, shi yana riƙe da hanci don an hana shi yin ta da ƙarfi.

Na ɗauko gudumar na miƙa masa. Na sake riƙe ƙusar, da yatsan da ke kusa. Bugu huɗu, ta shige har kai.

Farcen ya yi baƙi, ina jin zai fita. Ƙusa ɗaya muka buga yau. Akwatin yana buƙatar goma sha biyu, kuma ya ce gobe ƙarfe takwas in fito da wuri, ba ya son ma'aikaci mai makara.